A Legas Kowa Shugaban Kamfani Ne

Idan ka sauka Legas da takardar digiri a jaka, ko ka gama bautar ƙasa ka ce ba ka komawa gida hannu rabbana, ba za a yi mako ba wani zai ce maka ka buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Ka ji shawararsa, domin masu ɗaukar ma'aikata a bankunan Victoria Island da kamfanonin fasaha na Yaba sukan leƙa can kafin su kira mutum. Sai dai ranar da ka fara shiga gabanka zai faɗi. Yaron da ko gemu bai tsayar ba ya rubuta CEO, wato shugaban kamfani, wancan darakta, wannan muƙami uku a jere, kowa cikin kwat ya harɗe hannu. Sai ka ga kamar kai kaɗai mota ta bari a tasha.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Shafin nan da aka buɗe a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, ba ya neman takardar ɗaukar aiki kafin mutum ya rubuta muƙaminsa. Abin da ka buga shi zai fito. Sannan tun da aka yi sabuwar dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tilo na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya zama shi ne darakta, shi ne mai hannun jari, shi ne masinja. A doka bai yi ƙarya ba. Kai ne dai za ka yi wauta in ka auna shi da sunan.

Ni ma na taɓa faɗawa. Wani manajan darakta ya kira ni ganawa a Yaba. Na sa kaftanin da ya sha bugu, na ci gosulon Oshodi tun daga Agege, na isa ina gumi. Kamfanin duka tebur ɗaya ne a wani zaure da ake biyan kuɗin zama, da kwamfuta ɗaya, da cajar waya. Ya ce zai naɗa ni shugaban sashen Arewa, amma wata uku na farko babu albashi. Na tambayi mutum nawa ne a sashen. Ya yi murmushi ya nuna ni.

Tun daga ranar, kafin in kashe kuɗin mota sai na bincika sunan kamfani a shafin CAC. Lamba mai farawa da RC ta kamfani ce, mai BN kuwa sunan kasuwanci ne kawai. Kar ka ji nauyin tambayar ranar biyan albashi da takardar ɗaukar aiki. Kunyarmu ta gida ba ta ciyar da mutum a nan. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo, ɗauki takalmanka.

Abin da ya fi damuna shi ne namu da ke kwaikwayo. Wani ɗan yayata yana riƙe wa maigidansa lissafin kwandunan tumatir da buhunan albasa a kasuwar Mile 12, sai ya rubuta wai shi daraktan sufuri da rarraba kaya ne. Aka kira shi ganawa. Tambayar farko: ma'aikata nawa ne a ƙarƙashinka, kuma nawa ne kasafin sashenka? Ya hau kame-kame. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Abin takaicin, yaron yana da abin sayarwa na gaske: ya san yadda ake bin tirela tun daga lodi a Kano har a sauke, ya san asarar da kwana ɗaya a hanya ke jawo wa tumatir, ya iya ciniki da Hausa da Yarbanci da buroka. Kamfanonin da ke sayen amfanin gona daga Arewa irin wannan suke nema da fitila. Da ya goge daraktan ya rubuta mai kula da lissafin kaya, ya jera waɗannan a ƙasa, sai maganarsa ta fara shiga kunne.

A kiyaye da Injiniya ma. A gida duk mai gyaran janareta Injiniya muke ce masa, girmamawa ce, ba laifi. A rubuce kuwa laƙabin na wanda COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ta yi wa rajista ne, kuma akan duba.

Sauran kuwa ka riga ka sani daga zango. A Agege ko Alaba Rago ba a ba baƙo kaya bashi sai an ji wa ya tsaya masa. Kamfani ma haka yake yi, zai nemi lambar inda ka yi aiki ya buga. Saboda haka kafin ka wallafa komai, je ka durƙusa gaban maigidanka ka karanta masa abin da ka rubuta. In ya ce "Haka ne," bar shi. In ya kwashe da dariya ya ce "Yaushe na naɗa ka?", koma ka gyara.