Darasi Na Tara: Sarkin Da Doka Ta Shata Wa Iyaka

Makon jiya muna cikin karatu wani dattijo daga cikinku, masunci ɗan Argungu, ya ɗaga hannu yace malam wai Sarkin Ingila in ransa ya ɓaci zai iya tsige firaminista ya ɗora wanda yake so? Toh wanga darasi amsar tambayarshi ce, ku buɗe kunne.

Akwai ƙasashen da suke da sarki, ana girmama shi, hotonshi na jikin kuɗi, amma doka ta gindaya mishi iyaka, mulkin yau da kullum yana hannun waɗanda jama'a suka jefa wa ƙuri'a. Ingila haka take. Sarki Charles na 3 ya hau gado a 2022 bayan rasuwar mahaifiyarshi Sarauniya Elizabeth wadda ta shekara 70 tana sarauta. Shi ke naɗa firaminista, wannan gaskiya ne, amma fa ba zaɓi yake yi ba, duk wanda jam'iyyarshi ta fi rinjaye a majalisa shi za a kira fada ko sarki na sonshi ko baya so. Doka ma in majalisa ta gama da ita sai an kai mishi ya amince kafin ta fara aiki, kuma rabon da wani mai sarauta can ya ƙi amincewa tun 1708 zamanin Sarauniya Anne. Har jawabin da yake karantawa ranar buɗe majalisa gwamnati ce ke rubuta mishi, wannan wurin ni kaina yana bani mamaki wallahi.

Japan ma haka, tsarin mulkinsu na 1947 ya kira sarki alamar ƙasa da haɗin kan jama'a. Maroko kuwa da ɗan bambanci, Sarki Muhammad na 6 ana ce mishi Amirul Muminina kuma yana da ƙarfi sosai a harkar gwamnati.

Yanzu mu dawo gida. Sarkin Gwandu, Sarkin Kabin Argungu, Sarkin Yauri da Sarkin Zuru iyayenmu ne, amma Nijeriya jamhuriya ce, tsarin mulkin 1999 bai basu ikon yin doka ba, gwamna ne ma ke miƙa sandar girma. Masu shekaru cikinku sun san zamanin En'e lokacin da 'yan doka da kotu da gidan yari ke ƙarƙashin sarki, wancan ya wuce. Duk da haka in rikicin gona ya tashi tsakanin manomi da makiyayi ai ƙofar mai unguwa ake fara zuwa, daga nan hakimi, don maganarsu na da nauyi ko babu takarda.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan hakiminshi da sarautar da yake riƙe da ita, sannan ya rubuta jimla 2 kan wata matsala da ya taɓa gani an sasanta a fada. Ku zo da littafinku ran Laraba bayan la'asar.