Yadda Ake Gwada Linux Mint Ba Tare da An Goge Windows Ba

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka fara waiwayar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda kyauta ce. Ana iya gwada shi daga filash kafin a yanke shawara.

Da farko, a sauke fayil ɗin ISO (fayil guda mai ɗauke da tsarin gaba ɗaya) na Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, daga shafinsa na asali. A tanadi filash mai gigabait 8, a kwashe duk abin da ke cikinta, domin aikin zai share ta kakaf.

Daga nan a sauke manhajar balenaEtcher, wadda ke ɗora fayil ɗin ISO a kan filash, a buɗe ta, a zaɓi fayil ɗin, a zaɓi filash, sannan a danna Flash. Wannan mataki yana buƙatar natsuwa, domin idan akwai wata ma'ajiya a jone kuma aka zaɓe ta bisa kuskure, ita za a goge.

Idan an gama, a sake kunna kwamfutar ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda galibi F12 ne a Dell, F9 kuma a HP, sai a zaɓi filash.

Da Mint ya buɗe, a gwada Wi-Fi da sauti da firinta, domin a nan matsala ta fi ɓullowa. Kada jinkirinsa ya sa a yanke masa hukunci, laifin filash ne. Kada kuma a taɓa alamar Install Linux Mint, domin ita ce ta girka Mint a cikin kwamfutar, wanda zai iya goge Windows.

A ƙarshe a kashe kwamfutar a zare filash. Windows zai tashi kamar da, amma abin da aka ajiye lokacin gwajin ba zai tsira ba.