Yadda za ka bi gwajin Sida da danginta ba tare da ka ruɗe ba

A ɗakin gwajin jini nake aiki a nan Garwa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ɗan tsinken gwaji guda ya rusa maganar aure, ko ya mayar da mai ciwo gida yana murna alhali cutar na jikinsa. Gwajin nan yana da ƙa'ida, yana da lokaci, yana da matakai. Wanda ya san su ba a yi masa sakaci, domin zai tambaya. Shi ya sa nake so in shimfiɗa muku su yadda nake shimfiɗa wa ƙannena.

Ƙwayar cutar Sida, wato ƙanjamau, tana cikin dangin da likitoci ke kira retrobairos. Halinsu ɗaya: idan sun shiga ƙwayar halittar mutum sai su rubuta kansu a cikin kundin gadonta, kamar baƙon da ya cusa sunansa a takardar gida. Magani yana hana su hayayyafa, amma ba ya goge rubutun. An gano HTLV-1, wata 'yar dangin da ba ita ke kawo Sida ba, a Amurka a 1980. Masu kawo Sida biyu ne: HIV-1 da aka gano a Cibiyar Pasteur ta Faris a 1983, da HIV-2 a 1986.

Abu na farko, ƙirga kwana. Gwajin gaggawa da muke yi da ɗigon jinin yatsa ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da garkuwar jiki ta mayar mata yake nema, martanin nan kuwa ba ya fitowa nan take. Yakan ɗauki mako uku zuwa kwana 90. Idan abin da kake tsoro ya faru makon jiya, saduwa ce, ko askar wanzamin da ba a sauya ba, ko allurar mai yawo a kasuwa, to layi ɗaya a tsinken, wato sakamakon babu, a yau bai wanke ka ba. Rubuta ranar a karne ɗinka, ka dawo bayan wata uku, kafin nan kuma ka kare iyalinka da kwaroron roba. Idan kuwa abin bai wuce awa 72 ba, kada ka zauna jiran komai. Tafi asibiti a ranar ka ce kana son maganin kariya na bayan haɗari, wanda ake sha kwana 28. Wadda aka yi wa fyaɗe ma wannan haƙƙinta ne, kuma kowace awa da aka ɓata wajen shawarar dangi asara ce.

Abu na biyu, duba inda za a yi maka gwajin. An yi tsinkayen nan ne don a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30. Duk wanda ya san Garwa ko Marwa ko Kuseri a watan Maris da Afrilu ya san zafi yana haura 40, balle cikin shagon kwano ko akwatin da ya wuni a bayan babur. Saboda haka ka nufi asibitin da ke da sashen kula da masu cutar, wanda muke kira UPEC ko CTA, ko cibiyar lafiyar da ake kai wa kaya ta hanyar hukuma. Kuma ka sa ido. A gabanka za a yage ledar, ka ga ranar ƙarewar aikinsa. Za a goge yatsa a bari ya bushe, a soka, a ɗebi jini da siririn bututu a ɗiga a kan audugar da ke gindin tsinken, bayan minti ɗaya a bi shi da ɗigo guda na ruwan da ya zo da kayan. Daga nan agogo ne. Tsinken Determine ana karanta shi bayan minti 15, ba a kuma karanta shi idan ya wuce awa ɗaya. Layin sama shi ne shaidar cewa gwajin ya yi aiki. In bai fito ba, ko me ya fito a ƙasa aikin banza ne, a sake. Layin ƙasa kuwa ko ya yi dishi-dishi ana ƙirga shi.

To layi biyu sun fito. A nan ne nake roƙon ku da ku riƙe zuciyarku. An ƙera gwajin farko ne da tsananin kamawa don kada mai cutar ya kuɓuce masa, saboda haka wani lokaci yakan kama wanda ba shi da ita. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ce wa mutum yana ɗauke da cutar sai gwaje-gwaje uku mabambanta sun nuna haka a jere, sannan a sake gwada shi kafin ya haɗiyi ƙwayar magani ta farko, saboda kuskuren suna ko musanyar jini. Tambayi ma'aikacin kai tsaye: “Malam, tsinke nawa aka yi mini, kuma iri ɗaya ne ko daban-daban?” Idan na farko ya kama na biyu bai kama ba, ba a yanke hukunci, sai a ce ka dawo bayan kwana 14. Masu zuwa gwajin kafin ɗaurin aure su fi kowa kiyaye wannan. Ku zo da sauran lokaci, kada ku zo ana jibi biki waliyyai na tsaye a bakin ƙofa suna jiran takarda. Sakamako na mai jinin ne, shi za a fara gaya wa, shi kaɗai. Haka ma wanda ya gwada kansa a gida da OraQuick, na shafa dasashi: in ya ga layi biyu, asibiti zai nufa a tabbatar.

Mu a Kamaru muna da wata matsalar ta daban. HIV-1 rukuni huɗu ce, M da N da O da P, kuma duk huɗun an same su a jikin 'yan ƙasar nan. M ce ta game duniya, asalinta daga birran dazukan kudu maso gabashin ƙasarmu. O kusan 1 cikin 100 ce ta masu cutar a Kamaru, kuma a shekarun 1990 an tabbatar wasu gwaje-gwajen lokacin ba sa ganinta. Na yanzu sun fi, amma har gobe likita mai lura, idan alamomi sun yi ƙarfi tsinke kuma ya ce babu, yakan aika jinin babban ɗakin gwaji, irin reshen Cibiyar Pasteur da ke nan Garwa, ko Yawunde. Sai HIV-2, wadda ta fi yawa a Gini Bisau da Senegal da maƙwabtansu. Fatake da direbobin da suka zauna can su faɗa wa likita. Dalili kuwa, tsofaffin magunguna irin su nevirapine da efavirenz ba sa cin HIV-2, sau da yawa ba sa cin rukunin O, na'urar da ke ƙirga yawan HIV-1 a jini kuma ba ta ƙirga HIV-2.

Jariri kuma hukuncinsa daban. Martanin garkuwar uwa yana ratsa mahaifa ya zauna a jininsa har wata 18, don haka tsinke zai iya nuna layi biyu ga yaron da lafiyarsa ƙalau. Gwajinsa shi ne PCR, mai neman ƙwayar cutar ita kanta, a mako na shida. Ana ɗumama dunduniyarsa da tafin hannu, a soka gefenta, a cika 'yan da'irori biyar da ke kan wata takarda mai shan jini, kowace da'ira har sai jinin ya ɓullo ta baya. Sai a shanya ta a inuwa aƙalla awa uku, nesa da ƙura da ƙuda, a sa a leda da ɗan ƙunshin da ke tsotse laima. Uwa, ki bar lambar wayar da ke aiki, ki kuma koma ki nemi sakamakon da ƙafarki. Akwai gwaji a wata tara, akwai na ƙarshe bayan yaye.

Idan an tabbatar, a fara magani ba da jinkiri ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina jiran garkuwar jiki ta faɗi kafin a fara. A Kamaru maganin kyauta ne tun 2007, kuma daga Janairun 2020 gwamnati ta soke kuɗin gwaji da na bibiya a asibitocinta. Abin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Zaɓi lokacin da ba ka mantawa, bayan Isha ko bayan Asuba. Mai azumi zai iya mayar da shi dare, ya dai sanar da mai ba shi maganin.

Ga abubuwan da sau da yawa ba a samun sukunin faɗa a layin asibiti. Maganin ƙarin jini na masu ciki, da kalsiyam, da farin ruwan maganin gyambon ciki, suna riƙe dolutegravir a hanji. Sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Mai ciki da ke cin farar ƙasa ta faɗa wa ungozoma. Wanda ke shan maganin tarin fuka mai rifampicin ana ƙara masa wata ƙwayar dolutegravir, awa 12 tsakani, saboda haka kowane ɓangare ya san da ɗayan. Tenofovir ta ƙoda yake fita, don haka a rage haɗiyar diclofenac na teburin kasuwa, a sha ruwa sosai a lokacin zafi. Kuma a nemi gwajin ciwon hanta nau'in B tun farko, domin yana da yawa a yankinmu, maganin nan kuma yana danne shi. Wanda ke da shi ya yanke magani kwatsam, hantarsa na iya tashi da ƙarfi.

Bayan wata shida a auna yawan ƙwayar cutar a jini, abin da muke kira sharj biral, a sake a wata 12, sannan shekara-shekara. Idan ta haura 1000, za a zauna da kai a gano abin da ke hana shan magani daidai, a sake aunawa bayan wata uku kafin a yi maganar sauya shi. Idan ta sauka ƙasa da 200 ta zauna nan, ba ka sa wa matarka ta hanyar saduwa. Wannan tabbataccen abu ne, kuma ina son kowane gida mai mata biyu ko uku ya ji shi. Amma ku kula: wanda ya daɗe yana shan magani, tsinke yakan iya nuna masa layi ɗaya. Da wannan masu cewa sun warkar da Sida suke cin kasuwarsu. Mutum ya sha jiƙo, ya je wani gari ya yi gwaji bai faɗi yana kan magani ba, ya ajiye ƙwayoyinsa, bayan 'yan makonni cutar ta dawo. 'Yan kaɗan ɗin da suka warke a duniya, irin Timothy Brown na Balin, dashen ɓargo aka yi musu saboda sankarar jini, aikin da shi kansa yana kisa.

Saura mai doguwar jinya wanda gwajinsa ya nuna babu, har bayan wata uku. Kasala, rama, zazzaɓin dare, ciwon gaɓoɓi, an sha maganin taifot har an gaji. Ciwonsa gaskiya ne, kada kowa ya ce masa raki ne. A bi abubuwan da suka fi kusa: tarin fuka, ciwon hanta B da C, ciwon suga, ƙarancin jini, ƙoda, maƙoƙo, tsargiya ga wanda ke shiga Binuwai ko tafkin Lagdo, da ciwon damuwa, wanda shi ma yana kwantar da jiki. Abin da ba zai yi ba shi ne karɓar maganin Sida a hannun wani ya gwada. An taɓa yin haka a Amurka. A 2009 mujallar Science ta buga binciken da ya ce an samu wata ƙwaya mai suna XMRV a jinin kashi 67 cikin 100 na masu ciwon matsananciyar gajiya da aka gwada. Wasu marasa lafiya suka fara shan magungunan Sida. Sauran ɗakunan bincike suka nema ba su gani ba, har aka gano daga ɓerayen ɗakin gwaji ƙwayar ta fito ta gurɓata kayan aiki. A Disambar 2011 aka janye binciken.

HTLV-1 kuwa tana nan da gaske. An ƙiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ke ɗauke da ita, kuma tsakiyar Afirka, da Gabon da kudancin Kamaru, na cikin wuraren da ta fi yawa. Tsinken Sida ba ya ganinta. Yawancin masu ita har su tsufa ba ta taɓa su. Kusan 5 cikin 100 ke samun wata sankarar jini, wasu ƙasa da haka kuma ta taɓa musu laka. Alamar da za ta sa ka tuna wa likita da ita: ƙafafu biyu suna sandarewa a hankali cikin watanni ko shekaru, tashi daga tabarma yana wuya, fitsari yana kufcewa ko ya ƙi fita, ga ciwon ƙugu da taurin bayan gida. Ana fara gwajinta da wani gwajin jini mai suna ELISA a babban ɗakin gwaji, sannan a tabbatar da wani. A yankinmu gwajin tabbatarwar yakan fito ba eh ba a'a, kuma binciken da aka yi a Kamaru ya alaƙanta hakan da yawan zazzaɓin cizon sauro. In haka ta faru, PCR ne zai raba gardama.

HTLV-1 ba ta da allurar rigakafi, kuma TLD ba ya korar ta. Mai ciwon laka ana taimaka masa da magungunan rage kumburi da na sassauta jijiya, da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, da kula da mafitsara don kada ƙoda ta lalace. Wasu nau'o'in sankarar ana ba su zidovudine haɗe da interferon, a hannun likitan jini. Wanda aka tabbatar yana da ita kada ya ba da jini, a gwada abokin zamansa, a kuma duba bayan gidansa, domin akwai wata tsutsar ciki, Strongyloides, da ke yi wa masu ita mugun kamu. Babbar hanyar da take bi zuwa ga yaro ita ce doguwar shayarwa. A Japan ana gwada duk mai ciki, a ba wadda ke da ita zaɓin madarar gwangwani ko gajeriyar shayarwa da ba ta wuce kwana 90 ba. A ƙauyen da ruwan rijiya ake sha, gudawa na iya kashe jariri tun kafin a kai ga maganar HTLV, don haka uwa kada ta cire shi daga nono da kanta. Ta zauna da likita da maigidanta, a duba ruwan da ke gidan da kuɗin madarar wata shida, sannan a tsayar da ranar yaye.