Buroshin Wanke Fuska Mai Caji: Inda Ake Yin Kuskure da Yadda Za a Gyara

Buroshin wanke fuska mai caji ya cika shagunan kayan kwalliya da shafukan masu talla a Instagram, kuma alƙawarin ɗaya ne: wai yana fitar da dattin da hannu ba ya iya fitarwa. Da gaskiya a ciki, don yana cire hoda da maiƙo da sauri fiye da yatsu. Sai dai iyakar aikinsa ke nan. Yawancin masu da-na-sanin sayensa sun ɗora masa nauyin da ba nasa ba ne.

Babban kuskure shi ne sayensa don maganin ƙurajen fuska. Mutane da yawa sun ɗauka datti ne ke kawo ƙuraje, saboda haka idan aka dirje fuska sosai za su mutu. Ba haka abin yake ba. Ƙurji daga cikin ramin gashi yake tasowa, inda maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suke toshe ƙofa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Buroshi a sama yake yawo, ba ya kai wa can. Abin da yake yi wa ƙurjin da ya riga ya nuna shi ne ya fasa shi, ya ƙara masa kumburi. A baƙar fata kuwa kumburi ba ya tafiya haka nan, sai ya bar baƙin tabo wanda kan yi watanni kafin ya dushe. Ƙurjin da zai warke cikin mako guda sai ya bar shaidar da za a yi ta rufewa da hoda. Garin gyaran gira an rasa ido. Idan ƙuraje ne damuwarki, kuɗin buroshin ya fi amfani a kan abin wanke fuska mai salicylic acid, ko maganin shafawa irin su benzoyl peroxide da adapalene, da shawarar likitan fata. Mai juna biyu kada ta taɓa adapalene da danginsa.

Sai yawan amfani da shi. Safe da dare, kullum, ana dannawa da ƙarfi har fuska ta yi ƙarau. Wannan ɗamewar da ake ji bayan wanki, wadda wasu ke ɗauka alamar tsafta ce, kukan fata ne. Saman fata yana da wani siririn rufi na matattun ƙwayoyi da kitse, shi ke riƙe ruwa a ciki, ya kuma tare abin da zai shigo. Fata tana sabunta shi da kanta cikin kamar mako huɗu. Idan ana kankare shi kullum, sai a fara ganin sāɓa da raɗaɗi, man da aka saba shafawa ma ya koma yana yin zafi. Gyaran mai sauƙi ne: sau ɗaya ko biyu a mako, da dare, na minti ɗaya, a kan matakin da ya fi rauni. A ɗora shi kawai a bar shi ya yi motsinsa, ba a dannawa, kuma a kauce wa zagayen ido. Da hunturu, lokacin da leɓe da ƙafa ke tsagewa, ni dai shawarata a ajiye shi gaba ɗaya sai iska ta sauya.

Akwai kuma abin da ake haɗa shi da shi. Sabulun wanka na yau da kullum, har da sabulun salo, yana da kaifi idan aka kwatanta da yanayin fatar fuska: ma'aunin pH, wato awon tsami ko kaifin abu, na fata yana wajen 5, na sabulu kuwa yakan kai 9 zuwa 10. A zuba wannan a kan buroshi mai juyawa, a bi da ruwan zafi, ɓarnar ta ninka. Haka nan haɗa shi da abin goge fuska mai tsakuwa-tsakuwa a rana ɗaya, ko a makon da amarya ke dilka da halawa. Abu ɗaya mai kankara ya isa. Wadda ke shafa man bilicin kuwa, musamman mai sinadarin steroid irin clobetasol, fatarta ta riga ta yi siriri, buroshi zai iya yi mata rauni. Mai ƙyasbi, ko makero, ko wani ciwo a buɗe, shi ma ya haƙura. Maza masu ƙurajen aski a gemu da wuya kada su bi ta kan ƙurajen da shi a ranar da suka yi aski.

Tsaftar buroshin kansa ba a cika kula da ita ba. Ana gamawa a jefa shi a kwandon wanka da danshinsa, wani lokaci ma yaya da ƙanwa su riƙa karɓa-karɓa. A wanke shi da sabulu bayan kowane amfani, a shanya inda iska ke shiga, kuma kowa da nasa. Buroshi mai gashi ana sauya masa kai duk wata uku. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko ana samun kan canji, don da yawa daga cikin masu arha ba a samu. Wannan matsala ta taɓa har manya: kamfanin Clarisonic na Amurka, wanda ya fito da buroshinsa a 2004, kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal ya saye shi a 2011, an rufe shi a ƙarshen Satumbar 2020, masu na'urar suka koma farautar kan canji. Na roba mai laushi, wato silikon, irin Luna na kamfanin Foreo na ƙasar Suwidin, ba ya buƙatar canjin kai, ya fi sauƙin wankewa, ya kuma fi tausayin fata.

To, ya cancanci kuɗinsa? Ga mai fata mai maiƙo da ba ta saurin fushi, wadda ke yin kwalliya mai nauyi kamar ta biki, yana rage wahala. Ga sauran jama'a ƙari ne kawai. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma yatsu take ba da shawarar a yi amfani da su, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da abin wanki marar kaifi, sau biyu a rana da kuma bayan an yi gumi sosai.

Idan kuma aikin gama ya gama, fuska tana raɗaɗi tana sāɓa, a dakatar da buroshin da duk wani mai kankara na mako biyu zuwa huɗu. A wanke da hannu, a shafa mai marar turare tun fuska da ɗan danshi, da rana a sa man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama don kada tabon ya ƙara duhu. Idan wurin ya fara ruwa ko ya yi mugunya, wannan ya wuce gyaran gida, sai asibiti.