Kurakuran da mutanenmu ke yi in sun shiga ƙauyukan Hida a Japan, da yadda za a gyara

Jama'a sallama. Duk wanda Allah Ya kai shi Japan, ko karatu ko kwas ko harkar motoci, da ya samu hutun kwana biyu zuwa uku sai ka ji ana ce masa ya leƙa Takayama da Shirakawa-go, wato yankin Hida da ke can cikin duwatsun jihar Gifu. Shawara ce mai kyau wallahi, wurin ya isa a je. Amma abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke dawowa da ƙorafi kala ɗaya, an gaji, an sha yunwa, ba a tsira da komai ba sai hotuna a waya, kuma in ka bi diddigi ba laifin wurin ba ne, an shirya tafiyar ƙauye ne da lissafin Tokyo.

Babban kuskure shi ne a ce za a yi jeka-ka-dawo a yini ɗaya. Daga Nagoya jirgin ƙasan da ake kira Hida yana cin kusan awa biyu da rabi kafin ya sauke ka Takayama, daga nan kuma bas za ka hau zuwa Shirakawa-go, wajen minti 50, kuma da yawa daga cikin basussukan sai wanda ya kama kujera tun da wuri, sannan JR Pass, tikitin jiragen ƙasa na baƙi da mutum ya kashe maƙudan kuɗi a kai, ba ya aiki a wannan bas ɗin. To ka ga wanda ya taso da hantsi yana isowa ne daidai lokacin da gari ya cika da 'yan yawon buɗe ido, ya yi hoto a gurguje ya juya. Gyaran kawai a kwana, ko da dare ɗaya ne. Kasuwannin safe guda biyu na Takayama, ta bakin kogin Miyagawa da ta gaban Jinya, tsohon gidan gwamnati na zamanin Edo, da safe suke ci su watse da tsakar rana, a nan ne za ka ga tsofaffin mata manoma da tuffa da kayan lambu da jan turnip ɗin da suke jiƙawa da gishiri, suna miƙo maka ɗanɗano. Wanda bai kwana ba ba zai taɓa ganin wannan ba. In kuma ka saita tafiyarka da bikin garin, 14 da 15 ga Afrilu ko 9 da 10 ga Oktoba, to ka nemi masauki tun da watanni, don ana gobe babu ɗakin da za ka samu.

Sai maganar agogon ciki. Mu mun saba ƙarfe goma na dare ka fita ka samu mai shayi ko mai tsire, to can babu wannan. Shagunan tsohuwar unguwar Sanmachi suna fara rufewa tun wajen biyar na yamma, gidajen abinci da yawa suna tsayar da na rana wajen ƙarfe biyu, a ƙauye kuwa da magariba ta yi shi kenan. In ka sauka a ryokan ko minshuku, masaukinsu na gargajiya, abincin dare wajen shida ko bakwai ake ajiye shi kuma da ƙidayar kai aka dafa, ka makara ba ka sanar ba ka sa dattijuwar gidan zaman jiranka, ba daɗi.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato abinci, don nan ne ake yin kuskure biyu masu kishiyar juna. Na farko mutum ya duba kwano ya ga ba nama sai ya ce bismillah. A girkin Japan ido ba ya raba gardama. Akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya da romo kamar yadda muke jefa magi, akwai kuma giyar da suke kira sake, ita ma ana girki da ita. Taliyar Takayama da suke ce wa chuka soba romonta ya fi karkata ga kaza da kifi, amma yankan naman da ake ɗorawa a sama na alade ne. In ka ji an ce botan nabe, sunan fure ne amma naman aladen daji ne a tukunyar. Tonjiru miyar alade ce. Haruffa biyu ya kamata kowa ya adana a wayarsa, 豚 alade, 酒 giya, ka riƙa duba su a bayan leda kafin ka biya. Shi kuma naman shanun Hida da ake ta yayi, mai kitse a jere kamar an zana, tambayar a kansa ta yanka ce, sai ka nemi gidan da ya fito fili ya ce nasa halal ne, kar ka ɗauka tunda saniya ce an gama magana. Batun ɗan sinadarin giyar da ke fitowa a cikin soya sos da miso, wato kwaɓin waken soya, lokacin da suke tsima kuwa malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun kana gida, ba sai kwano na gabanka kana waswasi ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda tsoro ya sa ya ƙi komai, kwana uku yana kan burodi da ayaba daga kanti. Wannan ma asara ce, ka zo har cikin duwatsu ka koma ba ka san ɗanɗanon wurin ba. Akwai kifin kogi, ayu da iwana, da ake sokewa a tsinke a gasa a bakin garwashi ba abin da aka sa masa sai gishiri, wanda ya san gasasshen kifin bakin ruwa zai ji kamar gida. Akwai tofun Shirakawa mai tauri, awara ce dai tamu sak sai dai ba a soya ba. Akwai ganyayen dutse da suke kira sansai, akwai shinkafar da ba ta buƙatar rakiya. Dango na Takayama, 'yan curin garin shinkafa a tsinke, soya sos ake shafa musu a gasa, ba su da zaƙi irin na sauran garuruwa. Hoba miso kuma shi ne abincin da aka san yankin da shi, ana ɗora miso da albasa da naman kaza, wato laimar kwaɗi da ake ci, a kan busasshen ganye mai faɗi a gasa a gabanka, ƙamshin na tashi sai ka tuna daddawa, don duk wake ne aka bari ya tsima. Shi da gohei mochi, gasasshen tuwon shinkafa a tsinke, da romon taliyar soba sau da yawa akwai mirin a ciki, shi ya sa dabarar ita ce a yi magana tun lokacin kama ɗaki, ba bayan an jera kwanuka ba. Ka sa wani ya rubuta maka da Japananci cewa ba ka cin alade, ba ka cin abin da aka sa giya ko mirin, kifi da ƙwai da kayan lambu ba matsala. Kar ka ce "halal" kawai ka yi shiru, tsohuwar da ke ƙauye ba lallai ta san kalmar ba, amma in ka lissafa mata abubuwan ɗaya bayan ɗaya za ta gaya maka gaskiya ko za ta iya ko ba za ta iya ba, kuma in ta ce to, za ta tsaya a kai.

Wani abu da nake roƙon mutane, don Allah kar a ɗauko kilishi ko dambun nama a jaka. Japan ba ta wasa da shigo da nama, akwai karnuka masu shinshina a filin jirgi, kuma doka ta tanadi tarar da ta kai yen miliyan 3 ko ɗaurin da ya kai shekara 3. In bakinka ba ya jin abinci sai da yaji, nemi shichimi, garin barkononsu ne da ake ajiyewa a tebur, ba shi da zafin namu amma yana taimakawa.

A Shirakawa-go kuma kuskuren shi ne mantawa cewa gidajen mutane ne. Tun 1995 UNESCO ta sa ƙauyen cikin kayan tarihin duniya saboda gidajen nan masu doguwar jinka a tsaye da suke kira gassho-zukuri, wato kamar tafin hannu biyu da aka haɗa, an yi su haka ne don ƙanƙara ta riƙa zamewa. Amma har gobe akwai iyalai a ciki suna noma suna kai yara makaranta. Sai ka ga baƙo ya tura ƙofa ya leƙa, ko ya shiga gonar shinkafa don hoto ya fito da kyau. Mu da ko zaure ba ma wucewa sai da sallama bai kamata a ga haka daga gare mu ba. Akwai gidajen da aka buɗe don baƙi kamar gidan Wada, ka biya ka cire takalmi ka hau har sama. Kuma wanda ya taso a inda ake jinka ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi, don haka sigari sai a inda aka ware. Kwandon shara ma da wuya ka gani, riƙe 'yar leda ka koma da kayanka.

Wankan onsen, ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa irin na garin Gero, mutane na shiga ba su san tsirara ake yi ba, maza daban mata daban amma dai tsirara, kuma ba a yarda ka shiga da gajeren wando ba. Ba sai ka haƙura gaba ɗaya ba, tambayi kashikiri, wato wurin wankan da ake ba ka kai kaɗai ko da iyalinka na ɗan lokaci ka kulle ƙofa, a Gero kuma akwai wuraren tsoma ƙafa kawai a bakin titi.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata tafiya. Riƙe tsabar kuɗi don 'yan kasuwar safe da ƙananan shaguna, na'urar cire kuɗi ta gidan waya da ta 7-Eleven na karɓar katin waje. Kar ka bar wa ma'aikaci canji a tebur da sunan alheri, zai biyo ka da shi a guje. Kar ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci ake yi wa haka. Babban akwati ka tura shi gaba ta takkyubin, wato masu kai kaya har masauki, ka tafi da 'yar jaka. In lokacin sanyi ne kar ka auna shi da hunturun Jos ko na Damagaram, ƙanƙara ce da ke iya haura mita, takalmi mai ƙasan santsi zai kayar da kai.

Sallah ma a yi mata shiri. Masallatai suna can Nagoya da birnin Gifu, na Gifu an buɗe shi a 2008, a ƙauyukan kuwa ɗakinka ne masallacinka, tabarmar tatami a tsabtace take tunda ba a hawa da takalmi. Alƙibla tana yamma ne ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba, mutane da yawa nan suke juyawa ba daidai ba a ranar farko. Da hunturu rana na faɗuwa tun kafin biyar, tsakanin azahar da magariba ba nisa, da bazara kuma asuba na yi tun wajen ƙarfe uku, don haka saita manhajar sallarka a kan Takayama tun kana cikin jirgin ƙasa.