Kwana Nawa Za Ka Yi a Ƙauyukan Tsaunin Mambila?

Mu mutanen Kabi da fadama da zafin rana muka saba. Wanda zai tashi daga Birnin Kebbi zuwa Mambila a jihar Taraba kada ya yanke kwanakinsa da ka.

1. Fara cire kwanakin hanya, zuwa da dawowa. Daga garin Serti zuwa Gembu, babban garin da ke kan tsaunin, hawa ne mai lanƙwasa, mota ba ta gudu.

2. Ranar da ka sauka, ka huta. Wannan nake roƙonka kada ka tsallake. Sanyin can har ƙashi yake shiga, ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma sai a hankali. Ka je ka gaida mai gari, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora.

3. Tambayi jagoran nisan inda kake so. Gonakin shayi na Kakara wuni ɗaya ya isa. Dutsen Chappal Waddi kuwa, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya, tafiyar kwanaki ce, kuma yana cikin gandun Gashaka Gumti, sai ka nemi izinin hukumar gandun.

4. In damina ce, ƙara kwana biyu, don ruwa da hazo kan tsare mutum a ɗaki.

5. Ware kuɗin motar komawa daban, sauran ka raba wa masauki da abinci.