Kurakuran da ke cinye kasafin kuɗi kafin ya kai ga talaka

Duk ƙarshen shekara sai an yi bikin nan da muka saba: shugaban ƙasa ko gwamna ya je gaban majalisa ya karanta kasafin kuɗi, a raɗa wa kasafin suna mai daɗi, 'yan jarida su yayata adadin tiriliyoyi. Adadin kullum ƙaruwa yake yi. Amma a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 a Najeriya, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, har da rashin makaranta, asibiti da tsaftataccen ruwan sha. Kashi 65 na waɗannan mutane a Arewa suke, a Sakkwato ma abin ya kai kashi 91 na jama'ar jihar. Sata tana cikin dalilai, babu musu. Sai dai akwai asara mai yawa wadda ba ɓarawo ne ya jawo ta ba. Kurakurai ne da ake tafkawa da rana tsaka, da sa hannu da hatimi, kuma su ne suka fi saurin gyaruwa.

Babbansu shi ne son abin da za a ƙaddamar. Gini yana da ranar buɗewa, da makaɗa, da allo mai ɗauke da sunan mai girma. Albashin ungozoma ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa za ka shiga ƙauye ka tarar da asibitin sha-ka-tafi fenti na sheƙi, amma babu magani, babu mai kwana, firjin allurar rigakafi ya zama ma'ajiyar takardu. Mu ma masu sharhi muna da laifi, don mun koya wa jama'a cewa kuɗin manyan ayyuka shi ne alheri, na yau da kullum kuwa ɓarna ne. Ai albashin malamin firamare, da alli, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gyaran famfon burtsatse duk a kason yau da kullum suke. Ɓarnar tana wani lungu na kason: tafiye-tafiye, motocin alfarma, taron bita a otal, alawus ɗin zama. Gyaran shi ne a raba kason gida biyu a rubuce, abin da ke kai hidima ga jama'a daban, abin da ke hidimar ofis daban, sannan a sa wuƙa a na biyun. Kuma kada a amince da kowane sabon gini sai an rubuta ma'aikata nawa zai ci, nawa za a kashe wajen tafiyar da shi duk shekara, da inda kuɗin zai fito.

Madatsun ruwanmu sun ishe mu darasi. An gina Tiga a Kano da Bakolori a ƙasar Zamfara a shekarun 1970, kuma sun rayar da dubban manoman rani. Da aka bar hanyoyin ruwan babu yasa babu gyara, yashi da ciyawa suka toshe su, sai da Najeriya ta karɓi rancen kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya a 2014 don farfaɗo da noman rani a waɗannan wurare da makamantansu. Abin da ƙaramin kuɗin shekara-shekara zai tsare, bashi ne ya zo ya biya shi.

Ƙanin wannan kuskure shi ne kowane sabon shugaba ya yi watsi da aikin wanda ya gada. Kwamitin shugaban ƙasa na tantance ayyuka da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba a 2011. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara tun 1979, har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba, amma ana ware masa albashi duk shekara. Akwai kuma salon yayyafi: hanya tana buƙatar biliyoyi, a ba ta 'yan miliyoyi don dai sunanta ya fito a kasafi, ɗan kwangila ya zuba jar ƙasa, damina ta wanke, baɗi a sake. Maganin ba shi da daɗi a siyasance. A jera ayyukan duka, a kammala waɗanda suka kusa ƙarewa kafin a taɓa sabo, waɗanda kuma ba su da amfani a fito fili a ce an rufe su.

Sai tallafin da ake yi wa kowa da sunan talaka. A 2022 kaɗai tallafin man fetur ya lashe fiye da naira tiriliyan 4, wanda ya zarce abin da gwamnatin tarayya ta ware wa lafiya da ilimi a haɗe. Mai motoci uku da janareta ya fi mai keke cin moriyarsa nesa ba kusa ba, wani kaso kuma yana tsallaka iyaka. Amma cire shi ma yana da nasa kuskuren, kuma sau biyu muna faɗawa ciki. A Janairun 2012 aka wayi gari lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, gwamnati ta dawo da ita 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwa, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, sannan aka shiga neman abin da za a rage wa mutane raɗaɗi da shi. Ihu bayan hari ke nan. Indunusiya, da ta ƙara kuɗin mai a 2005, ta haɗa ƙarin da rabon kuɗi kai tsaye ga gidaje kusan miliyan 19. A fara shirya matashin kai, sannan a kwantar da mutum. Kada kuma a manta, rabon wata-wata da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun daga 2023, don haka tambayar ina kuɗin tallafi ya tafi ba ta Abuja kaɗai ba ce, gwamnoni ma suna da amsar bayarwa.

Wannan ya kai mu ga rabon kaya. Buhun shinkafa, taliya, keken ɗinki, injin markaɗe, a tara mata a filin wasa tun safe, sunaye kuma daga hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa suke fitowa. Kuɗin sayen kayan, da dako, da ajiya, da ribar ɗan kwangila duk sun ci rabonsu kafin a ɗaga kyamara, kuma kafin la'asar rabin kekunan suna kasuwa. Brazil ta bi wata hanya tun 2003 da shirin Bolsa Família: rajista guda ta gidaje marasa ƙarfi, kuɗi na shiga kati duk wata, yawanci a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. Shirin ya kai ga gidaje wajen miliyan 14 da kuɗin da bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasar ba. Najeriya tana da tata rajistar, amma a Yulin 2023 gwamnoni a Majalisar Tattalin Arziki suka ce ba su yarda da sahihancinta ba. In akwai gara a rumbu, tsince shi ake yi, ba a ƙona shi. A karanta sunayen a gaban mai unguwa da jama'a, a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa, a riƙa sabuntawa. Irin wannan tantancewa ce, ta lambar banki ta BVN, ta fitar da ma'aikatan bogi 23,846 daga albashin tarayya a 2016.

Wani kuskuren tun a takarda ake yin sa: kumbura hasashen kuɗin shiga don kasafi ya yi ƙiba. In kuɗin bai shigo ba, albashi da bashi dole a biya, sai sara ta faɗa kan magani da gyaran aji. Ragowar giɓin a cike shi da rance. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18, amma zuwa 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biyan bashi na cin fiye da kashi 90 na kuɗin shigar tarayya. Asusun rarar ɗanyen mai da aka buɗe a 2004 ya taɓa kai wajen dala biliyan 20, aka yi ta rabawa har ya koma ƙasa da dala miliyan ɗaya. A gina kasafi kan abin da aka tara bara da hannu, a kuma ci bashi kawai don aikin da zai biya kansa.

Akwai ma wanda ya fi ba ni mamaki, wato barin kuɗi a ajiye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya ga ilimi a matakin farko, jiha ta kawo nata kason ta karɓi daidai da shi. Biliyoyin naira kan kwana a hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) shekara da shekaru don jihohi ba su kawo nasu ba, alhali yara na zaune a ƙasa.

Na bar ɓoye lissafi a ƙarshe domin shi ke ba sauran mafaka. A Uganda an bi sawun kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka gano kashi 13 kacal ke isa makaranta, sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura kowace gunduma a jaridu duk wata, ta umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 fiye da kashi 80 na isa. Mu ma muna da kayan aikin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambaya, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ciyaman ɗin da ke son a yarda da shi zai iya farawa a wannan watan: takarda guda a ƙofar sakatariya, da Hausa, a rubuta abin da ya shigo da abin da aka biya, a karanta ta a rediyo, a kuma liƙa irinta a bangon kowace makaranta da asibiti da aka ce an tura wa kuɗi.